Baba yana shan maganin suga kuma an rubuta masa hoton PET: a tsayar da maganin ko a ci gaba?

'Yar Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa na wannan zaure. Shawara nake nema a kan mahaifinmu. Bara aka yi masa aikin kansar babban hanji, ya gama kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, muka ɗan samu natsuwa. To yanzu gwajin jinin da ake bibiyarsa da shi, CEA, ya fara hawa, hoton CT kuma bai nuna komai a fili ba, shi ne likitansa ya ce a yi PET-CT, hoton da ake neman inda kansa ta ɓuya da shi. Ba a nan Kumasi za a yi ba, sai mun yi tafiya mun kwana, kuɗin ma sai da dangi suka yi karo-karo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Baba ya daɗe da ciwon suga, yana shan metfomin safe da yamma, da Daonil da safe. Maƙwabciyarmu ta ce a tsayar da metfomin kwana 2 kafin hoton. Yayana kuma ya ce a CT ɗin baya, bayan hoton ne aka ce a tsayar kwana 2, ba kafin ba. Don Allah wanne ne daidai? Ba ma so mu je a maido mu.

Kawu na Alabar:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. 'Yata, ni ma mai suga ne, shekara da shekaru ina kan metfomin. An taɓa yi mini CT a Gee, wato asibitin Komfo Anokye na Kumasi, babu wanda ya ce in daina shan komai, kuma ga ni lafiya lau. Maganin suga ba abin da ake ajiyewa ba ne don maƙwabciya ta faɗa. Ku ci gaba da ba shi.

Mai Hoto, Asawase:
Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Abin da aka yi maka daidai ne a wurinka, amma ba kowa zai hau kansa ba. Aikina ke nan kullum, bari in fara da ɓangaren CT, wanda yayanta ya tuna.

Akwai CT da ake yi haka nan, akwai wanda ake sa wa mutum ruwan rini mai aidin ta jijiya don hanyoyin jini da ƙari su fito sosai. Ƙoda ce ke fitar da wannan ruwan. Metfomin ma ƙoda ce ke fitar da shi, yadda ya shiga haka yake fita. Idan ƙodar mutum dama tana da rauni, rinin ya ƙara takura ta, sai metfomin ya taru a jini, daga nan wani sinadari mai tsami ya hau har ya kai ga kwanciya asibiti. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru babba ne. Shi ya sa ake cewa a tsayar daga lokacin hoton zuwa awa 48 bayansa, a duba ƙoda, sannan a ci gaba.

Amma yanzu ba kowa ake tsayar wa ba. Ana duba lambar aikin ƙoda, eGFR. Hukumar magunguna ta Amurka a 2016 ta ce a tsayar idan lambar tana tsakanin 30 da 60, ko mutum yana da ciwon hanta ko raunin zuciya ko yawan shan giya. Wanda lambarsa ke ƙasa da 30 dama bai kamata yana kan metfomin ba. Kawu, ko dai ba a sa maka rini ba, ko ƙodarka garau take.

Kawu na Alabar:
An sa mini, har na ji zafi ya bi jikina. Amma an auna jinina kafin ranar, wannan gaskiya ne.

Mai Hoto, Asawase:
To ka gani, aunin ne ya wanke ka.

'Yar Aboabo:
Na gode Yaya. Ke nan yayana ne ke da gaskiya, bayan hoto ake tsayarwa?

Dokta daga Hambug:
Ƙanwata, su biyun duka suna da gaskiya, sai dai kowa hoton da yake magana a kai daban. Ni ɗan Zangon Kumasi ne, a sashen hoton nukiliya nake aiki a nan Jamus, kuma wannan ruɗanin nakan gamu da shi ko a wurin Turawa.

Hoton PET da aka rubuta wa Baba ba siffar gaɓoɓi kawai yake nunawa ba, yana nuna inda ake cin suga da yawa a jiki. Tun shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin kansa suna zuƙar suga fiye da ƙwayoyin lafiya. A kan haka aka gina hoton. Ana yi wa mutum allurar wani abu mai kama da suga, FDG, wanda aka maƙala masa ɗan sinadari mai fitar da haske da na'ura ke gani. Ƙwayar jiki takan ɗauke shi a zaton abinci ne, amma idan ya shiga ba ya ƙonewa, sai ya maƙale a ciki. Bayan kamar awa 1 a sa mutum a na'ura, duk inda ya taru sai ya haska. Ƙwaƙwalwa da mafitsara suna haskawa a kowa, wannan mun san da shi. Abin da muke farauta shi ne hasken da ya fito inda bai kamata ba.

Ga inda metfomin ya shigo. Yana sa bangon hanji ya riƙa cin suga sosai, musamman babban hanji. Mai shan metfomin idan ka ɗauki hotonsa, sau da yawa za ka ga hanjin ya haska tun daga farko har ƙarshe. Idan kansar huhu ko ta wuya muke nema, wannan bai dame mu ƙwarai ba. Amma Baba aikin hanji aka yi masa, kuma abin da ake tsoro shi ne ko ciwon ya dawo a wurin ɗinkin ko a kaluluwar da ke kusa. Ƙaramin ƙari zai iya ɓuya a cikin wannan hasken, ko kuma mai karanta hoton ya ga haske ya yi zargin ciwo alhali magani ne. Shi ya sa cibiyoyi da dama suke cewa a tsayar awa 48 kafin hoto. Awa 24 takan rage, amma 48 ta fi share babban hanji.

Saboda haka tsayarwar kafin hoto don hoton ya fito ne, tsayarwar bayan hoto don kare lafiyar mai raunin ƙoda ne. Idan za a haɗa PET ɗin da rini a rana ɗaya, mutum ɗaya zai iya faɗawa cikin duka biyun.

Ɗan Famasi, Tafo:
Dokta, ina girmama iliminka, amma ban gamsu a faɗi haka a zaure mai mutane da yawa ba. Gobe wani zai karanta rabin maganar ya ajiye maganinsa. Ni nake tsaye a kanta, na san mutanenmu. Dattijon da ke shan miligiram 1000 sau 2 a rana, ka cire masa kwana 2 kafin, wataƙila da 2 bayan, kwana 4 ke nan babu komai, ga gajiyar mota, ga abincin hanya, ga fargaba. Sugansa ba zai zauna wuri ɗaya ba. Kuma ai suga mai yawa a jini shi kansa yana ɓata hoton, ko ba haka ba? To me aka gyara?

Dokta daga Hambug:
Haka ne, kuma ba ƙaramar magana ka kawo ba. Sugan jini da FDG ƙofa ɗaya suke bi su shiga ƙwaya. Kamar mota ce a tashar Kejetia, idan fasinjoji sun riga sun cika ta, wanda ya zo daga baya ba shi da kujera. Idan jini cike yake da suga, ƙarin ba zai ɗauki FDG yadda ya kamata ba, sai ya fito dishi-dishi ko ya ɓace. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin nukiliya ta Turai ta 2015 ta ce a yi hoton idan suga yana ƙasa da 11 a ma'aunin da muke amfani da shi a Ghana, wato kusan 200 a ɗaya ma'aunin. Idan ya kai haka ko ya wuce, a ɗage. Wasu cibiyoyin ma iyakarsu ta fi wannan tsanani.

Don haka ne ma likitocin kansu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Akwai cibiyoyin da ba sa tsayar da metfomin sam, suna cewa gara hanji ya haska da a ce suga ya tashi. Akwai masu tsayarwa ga kowa. Ra'ayina shi ne a duba inda ake neman ciwon. Ga mai matsalar ciki irin ta Baba, na fi karkata ga tsayarwa, matuƙar sugansa a daidaice yake kuma akwai na'urar awo a gida. Ga wanda sugansa dama yana yawo a 13 ko 15, tsayarwa ba za ta haifar da ɗa mai ido ba, sai a fara gyara sugan tukuna.

Ɗan Famasi, Tafo:
A nan mun haɗu. Abin da nake so ya fito fili shi ne, wanda zai karanta hoton shi zai yanke, tare da likitan suga. Kuma 'yar'uwa, ki duba kwalayen Baba da kyau. Akwai magungunan da metfomin yake ciki a haɗe amma sunan bai nuna ba sosai, irin su Glucovance da Janumet da Galvus Met. Glucophage kuma metfomin ne zalla. Mutum zai ce ba ya shan metfomin alhali kullum yana haɗiyarsa. Ku zuba duk magungunan a leda ku tafi da su, har da na gargajiya da na ciwon gaɓoɓi.

Hajiya ta Nima:
Salamu alaikum mutanen Kumasi. Sannu da jinya 'yata, Allah ya ba da lada. Mu mun bi wannan hanyar da Alhaji, a Indiya aka yi masa. An ce ya ajiye metfomin kwana 2, ya ajiye. Amma babu wanda ya ja mana kunne a kan abinci, ga shinkafa safe da dare a masaukin. Da muka je da safe aka soki yatsa, suga ya haura iyakarsu, suka ce mu koma. Na yi kuka ranar, don kuɗin masauki da na tikiti duk a ƙirge suke. Sai da likitan suga ya gan shi ya daidaita shi sannan aka sake ba mu rana. Abin da zan ce miki, ki fara auna shi tun yanzu, safe da yamma, ki rubuta a takarda. Kada ki bari sai a ƙofar ɗakin hoto ku san lambar.

Ɗan Sabon Zango:
Allah ya ƙara sauƙi. Ni a ganina abin mai sauƙi ne. Idan aka tashi da safe aka ga suga ya hau, a yi masa allurar insulin kaɗan ya sauka kafin a isa. Mahaifiyata tana da Actrapid a firji, cikin ɗan lokaci yake saukar mata.

Dokta daga Hambug:
Ɗan'uwa, don Allah kada a yi haka. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, kuma mutane da yawa haka suke tunani. Aikin insulin shi ne ya kora suga cikin tsoka da kitse da zuciya. Idan yana aiki a jiki lokacin da aka yi allurar FDG, shi ma can zai kora shi. Lambar da ke kan na'urar awo za ta yi kyau, a shiga a yi hoto, sai a ga cinyoyi da kafaɗu da bayan mutum duk sun haska, ƙarin da ake nema kuma bai samu rabonsa ba. An biya kuɗi, an sha hasken, hoton kuma ba ya amsa tambayar. Mafi muni shi ne a karanta shi a ce babu komai.

Ƙa'idar ita ce a bar aƙalla awa 4 tsakanin insulin mai saurin aiki irin NovoRapid da allurar hoton, awa 6 ga irin Actrapid. Masu dogon aiki da gauraye irin Mixtard ba a so a yi su a safiyar hoton. Yawanci mai insulin akan ba shi layin farko da sassafe: ya yi allurarsa ta dare, ya kwana bai ci ba, a yi hoto, sannan ya karya ya yi allurar safe. Ko kuma ya karya da wuri ya yi allura mai gajeren aiki, a yi hoton da tsakar rana. Cibiyar ce za ta zaɓa.

Ban da haka, dattijon da bai taɓa yin insulin ba, ciki babu abinci, a yi masa allurar wani a gida, wannan zai iya kashe shi.

Ɗan Sabon Zango:
Subhanallah. Allah ya saka da alheri Dokta.

Nas ta Sawaba:
Kowa ya tattara a kan metfomin, ni kuwa Daonil ɗin nan ne ya hana ni sakewa tun da na karanta saƙon farko. Metfomin shi kaɗai da wuya ya faɗar da suga ƙasa. Daonil kuwa matsa wa jiki yake ya fitar da insulin ko an ci ko ba a ci ba, kuma yana daɗewa a jiki, balle ga tsoho, balle idan ƙoda ta fara rauni. Za a ce Baba kada ya ci komai awa 4 zuwa 6 kafin allura, a ƙara awar jira, a ƙara lokacin da zai yi a cikin na'ura. Idan ya haɗiyi Daonil da asuba bisa sabo, zai iya faɗuwa a wurin. Mun karɓi irin waɗannan a ɗakin gaggawa, iyali suna zaton shanyewar jiki ce alhali suga ne ya yi ƙasa. Kuma tunda insulin yake sa jiki ya fitar, matsalar da Dokta ya bayyana ta hasken tsoka ma tana iya shigowa.

Yawancin wurare cewa suke a riƙe Daonil na safiyar ranar sai bayan an gama an ci abinci. Amma ki tambaya da bakinki, ki ambaci sunan maganin. Diamicron ma danginsu ɗaya.

Ki riƙe alamomin nan: gumi mai sanyi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, magana tana harɗewa, ko ya riƙa kallonki kamar bai gane ki ba. Ki auna. Idan ƙasa da 3.9 ne, ki ba shi suga cokali 3 ƙanana a ruwa ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ki sake aunawa bayan minti 15, ki sanar da ma'aikatan. Hoton zai ɗagu, to ya ɗagu. Kada tunanin kuɗin da aka tara ya sa ki bar shi a haka.

'Yar Aboabo:
Anti Nas, wallahi ban taɓa kawo Daonil a lissafi ba. Baba da ya idar da sallar asuba yake shan shi, kafin ma a kawo koko.

Malam na Yalwa:
Allah ya ba shi lafiya. Batun rashin ci kam ba zai ba shi wahala ba in sha Allahu, dattawanmu sun saba da azumin Litinin da Alhamis. Ya ɗaura niyya tun dare ya kame baki gaba ɗaya, ya samu lada biyu.

Nas ta Sawaba:
Malam, a gafarce ni, wannan kamun bakin daban yake da azumi. Ana so ya sha ruwa sosai, ruwa zalla. FDG ta fitsari yake fita, ruwan yana taimakawa hoton ya fito kuma ya rage zaman sinadarin a mafitsara. Idan kuma za a sa rini, ƙoda busasshiya ita ce ta fi shan wahala. Ya bar azumin nafila zuwa wata ranar.

Malam na Yalwa:
Madalla. Lafiyar jiki amana ce, kuma shari'a ta ba mara lafiya sauƙi ko a farilla. A bi maganar masu aikin.

Mai Hoto, Asawase:
A ƙara da goro. Dattawanmu ba sa lissafa shi a abinci. Goro, cingam, alewar tari, shayi ko da ba madara, duk a ajiye. Tauna tana sa tsokar muƙamuƙi ta haska. Bayan allura ma ana so ya kwanta shiru, ba hira, ba waya, a lulluɓe shi kada ya ji sanyi. Ko jan carbi da motsa leɓe a bari sai an fito, ya yi zikirinsa a zuci. Kwana 1 kafin nan kuma ban da aikin ƙarfi da doguwar tafiyar ƙasa.

Maman Biyu, Asokore Mampong:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Ana ta cewa suga abincin kansa ne. Yanzu mutum yana da suga, yana da kansa, a sake ɗura masa suga a jijiya? Ba za a ƙara wa ciwon ƙarfi ba?

Dokta daga Hambug:
Hajiya, tambaya ce mai kyau. Abin da ke cikin allurar bai kai ƙwayar suga ɗaya da za ki gani a cokali ba, ba ya ɗaga sugan jini ko kaɗan, kuma ƙwayar kansa ba ta iya cin moriyarsa, maƙalewa kawai yake. Hasken da ke jikinsa kuma rabinsa yana mutuwa duk bayan minti 110, kafin washegari babu wani abin kirki da ya rage. Wannan saurin mutuwar ne ya sa ake haɗa maganin a ranar, a ƙirga na kowa da lokacinsa, shi ya sa cibiyoyi ba sa son a makara ko a ɗage. Bayan hoto dai a nisanta shi da mai ciki da ƙananan yara zuwa yamma, jikoki su haƙura da cinyar kaka na ranar.

Kawu na Alabar:
To abinci fa? Hajiya ta Nima ta ce shinkafa ce ta kayar da su. Mu nan abincinmu duk nauyi ne, tuwon zafi, fufu, banku, wake da shinkafa, koko da ƙosai. Me zai ci?

Hajiya ta Nima:
A karo na biyu abin da aka ce mana shi ne ranar jajibiri ya rage duk wani mai gari da mai zaƙi. Ƙwai, kifi, kaza, ganye. A gida sai in ce miyar kontomire da kifi, ko miyar kuɓewa da nama, ba tare da tuwon ba. Ban da sobolo, ban da lamurji, ban da fura, ban da burodi da Milo.

Ɗan Famasi, Tafo:
Hajiya ta faɗi daidai, amma a haɗa da maganar Nas. Idan an rage tuwo ranar jajibiri kuma ya sha Daonil cikakke da safiyar ranar, suga zai iya faɗuwa cikin dare. Wannan ma a tambaya. Haka masu shan maganin suga irin Jardiance ko Forxiga, doguwar yunwa da yanke abinci mai gari suna iya jawo musu tsamin jini ko da lambar suga ba ta hau ba. Masu allurar Ozempic kuma abinci yana daɗewa a cikinsu, su faɗa tun wuri. Sannan ruwan shuwaka da sauran jiƙe-jiƙen da ake sha don a saukar da suga da gaggawa kafin a je asibiti, ina roƙo a bari. Ba a san ƙarfinsu ba a kan Daonil, wasu kuma suna taɓa ƙoda. Magungunan ciwon jiki irin diklofenak da ibuprofen ma a nisance su a kwanakin rini.

Kawu na Alabar:
Shuwaka kam ina sha, kuma ina jin daɗinta.

Ɗan Famasi, Tafo:
A miya babu laifi Kawu. Ruwanta cike da kofi da safe a kan magani, a ranar da ba za a ci abinci ba, shi nake tsoro.

'Yar Aboabo:
Iyayena, na kira cibiyar yau, na karanta musu sunayen magungunan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kuka ce. Matar da ta ɗauka ta haɗa ni da wani likita. Ya ce saboda hanji ake dubawa, Baba ya tsayar da metfomin awa 48 kafin ranar. Daonil kada ya sha a safiyar hoton sai ya ci abinci. Maganin hawan jininsa ya sha da ruwa kamar kullum. Ya ce mu zo da sakamakon gwajin ƙoda sabo, don a ranar za su yanke ko za a sa rini. Ya kuma ce mu ga likitan sugansa kafin mu taso, in riƙa aunawa, idan na ga yana wuce 11 da safe in kira su kafin mu hau mota. Awon yau da safe 8.4 ne.

Dokta daga Hambug:
Alhamdu lillahi, tsari ne mai kyau. 8.4 yana kan magani ne, saboda haka ki sa ido sosai a kwana biyun da zai ajiye. Ki nemi su rubuta miki ranar da zai koma kan metfomin kafin ku bar wurin, don nan ne ake yawan mantuwa. Idan ba a sa rini ba, da ya ci abinci zai koma. Idan an sa, lambar ƙodarsa ce za ta nuna ko ya koma nan take ko ya jira awa 48. Kuma ki gaya musu ranar da aka yi aikin da ranar kemo na ƙarshe, da ko yana tari ko yana da wani ƙurji, don kumburi da tarin fuka su ma suna haskawa.

Ɗan Sabon Zango:
Dokta, mahaifin abokina kansar mafitsara ta maza yake da ita, shi ma an ambaci PET. Duk wannan dokar ta hau kansa?

Dokta daga Hambug:
Ya duba takardar. Ga kansar prostat, wato irin wadda ka ambata, yawanci PSMA ake rubutawa, wannan ba suga ba ne, wani abu ne da ke manne wa ƙwayar ciwon kai tsaye, don haka metfomin da insulin ba sa ɓata shi. Hoton ƙashi da ake yi a sashen nukiliya na asibitin Korle Bu a Accra shi ma ba ruwansa da suga. Hoton MRI kuma rininsa daban ne, ba a tsayar da metfomin saboda shi, ko da yake akan duba ƙoda. Maganar aidin tana dawowa ne kawai idan za a haɗa da CT mai rini.

Maman Biyu, Asokore Mampong:
Tunda ana amsawa, bari in ƙara. Ƙanwata tana karɓar kemo na kansar mama a Gee. Ba ta da suga a da, amma tun da aka fara, duk bayan zagaye sai ta yi ta shan ruwa tana fitsari, aka auna aka ga 14. Ita ma an ce za a yi mata hoto idan ta gama.

Nas ta Sawaba:
Hajiya, ki duba cikin magungunan da ake ba ta ko akwai deksametason. Ana bayar da shi tare da kemo don hana amai da kumburi, kuma yana ɗaga suga sosai, musamman daga azahar zuwa dare, har ga wanda bai taɓa ciwon ba. Awon safe kaɗai zai iya ɓoye shi, a riƙa aunawa da yamma ma. Kada ta daina sha da kanta, yana cikin tsarin maganin. Ta kai lambobin wurin likitan kansar a zuwanta na gaba, ko kafin nan idan ƙishirwar ta tsananta ko ta fara amai da kasala. Sau da yawa yana sauka bayan kwanaki idan an gama shan maganin, wasu kuma sai an ɗora su a kan maganin suga na ɗan lokaci. Idan an zo sa ranar hoto, ta gaya musu ranar da ta sha na ƙarshe.

Maman Biyu, Asokore Mampong:
Akwai shi, ƙananan ƙwayoyi farare, kwana 3 take sha bayan kowane zagaye. Jibi ne ranar asibitinta, zan bi ta da takardar awon.